Piyar Gembu a Walimar Saukata

Yau kwana biyar ke nan Baban Mufida bai cika baki ba, kuma abin ya hana ni sukuni. Wanda bai san shi ba zai ce ai sai in gode wa Allah. To, ni da na yi shekara ashirin da shida a gidansa na san ba lafiya ba. Mutumin da ko ƙusa ya buga a bango sai ya kira maƙwabta su zo su ga yadda ta shiga, yanzu sai ya ci tuwonsa shiru, ya ce sannu da aiki, ya tashi. Jiya har na ce masa fankar ɗaki tana ƙara, don dai in ji ya ce shi ya koya wa masu gyaran fanka na Jalingo aiki. Sai ya ce in kira mai gyara. Wallahi gabana ya faɗi.

Bari in faro muku daga farko, don ku san abin da za ku ce mini.

Sunana Aishatu, a Sintali muke zaune. Boko a aji huɗu na firamare na tsaya. Da yara suka tasa sai na shiga Islamiyyar matan aure ta unguwarmu. Shekara tara ina zuwa, in haddace in manta in sake, wasu 'yan ajinmu ma sa'o'in 'yata Mufida ne. A bana Allah ya nufa na sauke. Malama Nasiba ta sa mana ranar Asabar, mu bakwai, da safe a yi karatu a makaranta, bayan azahar kowacce ta yi walima a ƙofar gidanta. Ni dai tunda nake ba a taɓa tara mutane saboda wani abu da na yi da kaina ba. Don haka na shirya abina daidai ƙarfina: masa, miyar taushe, zoɓo. Na ɗinka farin hijabi sabo.

Sai maigidan ya ji.

Sunansa Saleh. Shekara goma sha takwas ya yi yana tuƙa mota tsakanin Jalingo da Gembu kafin ciwon gwiwa ya sa ya ajiye, kuma a faɗarsa babu abin da ke kan dutsen Mambila da bai sani ba. Ya ce sauran matan shida duk masa za su yi, shi matarsa ba za ta shiga layin masa ba. Zai yi mini abincin da ba a taɓa ci a Sintali ba, sunansa gwakamoli.

Na ce mene ne shi. Ya ce piya ce ake kwaɓawa, abincin manyan otal. Wai ya taɓa ɗaukar wasu Turawa masu kallon tsuntsaye zuwa Mambila, kukunsu ya haɗa shi a gabansa, har yana tambayarsa shawara. Daga baya ne abokinsa Barnabas, wanda suka yi tafiyar tare, ya gaya mini gaskiya: maigidan a cikin mota yake barci, aka miƙo masa cokali ɗaya a kan burodi ta taga. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

Kafin in ce a bari, ya riga ya faɗa a majalisarsu ta gindin mangwaro. Ya faɗa a masallaci bayan sallama. Ya faɗa wa mai kanti. Ranar Alhamis da safe Barnabas ya sauke mana buhu guda na piyar Gembu a tsakar gida.

Na ɗauki ɗaya na matsa. Kamar na matsa dutsen guga.

Maƙwabciyarmu Judith, wadda muka yi shekara goma sha bakwai katanga ɗaya ce tsakaninmu, tana da 'ya Keziah da ke aiki a kicin ɗin wani otal a Abuja, ta zo hutu. Yarinyar ta shigo ta durƙusa ta gaishe shi, ta taɓa piyar, ta ce da ladabi wannan sai ta yi kamar mako kafin ta nuna. A sa ta wuri mai duhu tare da ayaba, a ƙyale ta. Ta ce in yana so ma ita za ta taya shi.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "'Yata, ke a littafi kika karanta piya. Ni a gindin bishiyarta na yi sallar asuba sau ɗari."

Don ya nuna mata, sai ya raba buhun biyu. Rabi ya jefa ayaba uku a ciki, ya tura ƙarƙashin gadonmu, ya ce wannan ta bi hanyar Abuja. Rabi kuma ta bi hanyarsa, a ga wadda za ta riga nuna. Hanyarsa ita ce rana. Ya ce piya 'yar sanyi ce, shi ya sa take nawa a Gembu, amma in ta ji zafin Jalingo kafin la'asar za ta sallama. Ya ari tsani, da gwiwar nan tasa, ya hau ya jera su a kan kwanon rufi.

Kun san kwanon rufi ba a shimfiɗe yake ba. Da azahar iska ta ɗan kaɗa, sai muka ji kamar ana gangaro da duwatsu. Ɗaya ta faɗa bahon wankin Judith. Ɗaya ta sauka ta waje, daidai kan hular Malam Suleiman, abokin tsokanar maigidan, yana hanyar masallaci.

Ya yi sallama ya shigo, hula a hannu ɗaya, piya a ɗaya. "Saleh, in jifa ce, faɗa mini laifina tukuna."

"Ba jifa ba ce. Ɗanɗano na fara aiko maka."

Malam Suleiman ya ƙwanƙwasa ta a jikin katanga, ya saurara. Ya ce in akwai saura a ba shi goma, yana da ginin da ya tsaya saboda rashin dutse.

Ranar Juma'a da safe ɓawon ya yi baƙi, maigidan ya ce kun gani. Aka yanka ɗaya, ciki yana nan yadda Allah ya halicce shi. Bai karaya ba. Ya ce abin da rana ta fara wuta za ta ƙarasa. Ya zuba su a tukunyar da na ware don miyar taushe, ya tafasa, ya feraye su da wuƙa kamar doya, ya juye a turmi. Na ce ƙwallayen fa? Ya ce ai duk ƙarfin abin a ƙwallo yake, jahilai ne ke zubarwa.

Ban taɓa ganin namiji da taɓarya a gidan nan ba sai ranar. Bugun farko ƙwallo ya yi tsalle ya fasa mini bakin randa. Na biyu ya bi ta gefen kunnen Mufida. Na uku ya tsallaka katanga, muka ji kajin Judith sun watse. Can sai ga kanta ta leƙo ta sama.

"Maman Mufida, in yaƙi ne ku gaya mana mu kwashe yara."

Maigidan ya ce turmin ne ya tsufa, aikin zamani sai inji. Ya kwashe a bokiti biyu ya nufi wurin Jonah mai markaɗe. Ni ma dole na bi shi, don shinkafar masata tana jiƙe, a ranar za a markaɗa ta kwana ta tashi. Muka tarar da layin mata da robobinsu, masu wake, masu kayan miya, kowa na sauri kafin masallaci. Bai bi layi ba. Ya ce aikin walima ne.

Jonah ya leƙa bokitin ya ce injinsa ba ya cin dutse. Maigidan ya ce shi da ya gyara injin babbar mota a tsakiyar hawan Mambila da cokali da robar taya, shi za a gaya wa abin da inji ke ci?

"Oga Saleh, wancan inji in ya mutu kana da birki," in ji Jonah. "Wannan in ya mutu, yarana ba za su ci abinci ba."

Da ƙyar suka daidaita a kan a tsince ƙwallayen. Ya tsince waɗanda ya gani. Injin ya fara lafiya, kore shar yana zuba, maigidan yana juyowa yana kallon mata ɗaya bayan ɗaya don ya tabbata kowa ta gani. Sai injin ya yi tari. Ya sake yi. Bel ɗin ya fice ya tafi ya rataye a reshen dalbejiya. Awa guda Jonah yana kwance ƙarfe yana magana da yarensu, kuma ko ban ji yaren ba na san ba addu'a yake mana ba. Ya zaro ƙwallo biyu ya damƙa wa maigidan a tafin hannu.

Shinkafata ce ta biyo baya. Sau biyu Jonah ya ɗauraye injin, amma ƙullun ya fito da wani kore-kore kamar fentin bangon asibiti. Matan da ke bayana ma haka. Ranar duk wanda ya ci alale a layinmu kore ya ci.

Da yamma maigidan ya ɗauki bokiti ɗaya ya kai majalisa. Duk wanda ya zo wucewa sai ya buɗe masa murfi. Keziah ta sake zuwa ta same ni a kicin, ta ce Mama, abin nan ba a kwana da shi, iska ce ke baƙanta shi, sai da lemun tsami kuma a ci nan take. Ta ce ɗanyar piya ɗaci gare ta, dafaffiya kuwa ta fi. Na isar masa da saƙon a hankali. Ya ce lemun tsami na masu mura ne.

Ranar Asabar bayan asuba ya buɗe murfi, sai na ga ya tsaya. Na leƙa. Koren nan ya tafi. Abin da ke ciki kamar taɓon bakin kogin Mayo Gwoi bayan shanu sun sha ruwa.

Na ce Baban Mufida, don Allah a haƙura, masa ta isa. Ya ce a haƙura bayan ya faɗa a masallaci? Ya shafa gemu, sai ya juyo ya tambaye ni me muke sa wa miyar kuɓewa take zama kore shar. Da na sani da na ce ban sani ba. Na ce kanwa.

Ya jiƙa kanwa cikin kofi babba ya tuttula. Abin ya ƙara duhu. Ya ƙara kanwa. Ya fara kumfa a gefe-gefe. A nan na bar shi, don lokacin makaranta ya yi. Allah ya yafe mini, ina zaune gaban Malama Nasiba ina karanta ayoyin da na yi shekara tara ina jiran ranarsu, rabin hankalina yana cikin bokiti.

Sauran labarin Mufida ce ta ba ni, da Goggo, yayar mahaifinsa, wadda ta zo daga Kona tun da sassafe ta zauna kan tabarma tana kallo. Wai da ya ga kumfa sai ya ce ashe kuskuren ɗaya ne, ba a soya ba, kuma babu miyar kirki da ba a soyawa. Ya ɗora tukunya, ya zuba manja, ya juye. Manja da kanwa suka haɗu, abin ya koma ruwan ɗorawa mai kauri yana ɓulɓulowa.

Goggo ta ce, "Saleh, sabulu kake haɗawa? In shi ne a yanka mini nawa, na zo da wanki."

"Goggo, wannan abincin Turawa ne, ba ki san shi ba."

"Shi ya sa suka koma ƙasarsu."

Saura kore. Ya zagaya kicin ɗina yana buɗe gwangwanaye har ya kai ga garin kuka. Mufida ta ce ta roƙe shi har da riƙe masa hannu. Ya juye rabin kwano, ya sa muciya ya tuƙa. Kuma gaskiya kore ya dawo, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai dai bai dawo shi kaɗai ba, ya taho da yauƙi.

Bayan azahar aka kafa rumfa a ƙofar gida. Mata a ciki da tsakar gida, maza a waje kan benci. Malama ta zo, 'yan ajinmu sun zo, Judith da matan cocinsu uku sun zo da ankonsu. Aka yi addu'a a lasifika, aka sa mini albarka, har na yi hawaye. Na fito bakin ƙofa da farin hijabina don mai hoto ya ɗauke ni. Aka fara raba masa. Mutane suka juya ta gaba da baya, suka ga kore, amma da yake da miyar taushe sai suka ci, wata ma ta ce ko zogale na sa.

Sai maigidan ya karɓi makirfo.

Ya yi godiya. Ya ba da tarihin hanyar Gembu. Ya ce yau Sintali za ta ɗanɗana abin da sai mai fasfo ke ci, kuma duk wanda ya ci ya tuna a gidan wa ya fara ci. Aka ɗora bokitin a kan tebur kusa da ni. Ya ce Malam Suleiman ya matso, shi da ya sha jifa shi zai fara.

Ya tsoma ludayi ya ɗaga ya zuba masa a faranti. Abin bai yanke ba. Ya ɗaga ludayin sama, ya biyo shi. Ya ce Malam Suleiman ya ja baya. Malam Suleiman ya ja taku ɗaya, biyu, har ya kai bencin dattawa, zaren nan yana biye da shi yana ɗiga a ƙasa. Ya tsaya ya ce ko a kawo almakashi.

Dariya ta fara daga bayan rumfa. Maigidan ya ce yauƙin alamar inganci ne. Goggo ta miƙo hannu ta ce a ba ta, ita ta tsufa, abin da zai same ta kaɗan ne. Ta dangwala da ɗan yatsa ta sa a harshe. Ta rufe ido. Makirfo yana kusa da ita, don haka kowa ya ji.

"Na sha maɗaci ina jego. Na ci shuwaka ba wanki. Saleh, wa ya ɓata maka rai a unguwar nan?"

Ya ce harshen da ya saba da tuwo ba zai gane ba. Ya cika ludayi fam, makirfo a hannun hagu, ya kai baki gaba ɗaya.

Na ga idonsa ya kawo ruwa. Na ga maƙogwaronsa ya yi sama ya tsaya. Ya kasa haɗiyewa, ya kasa tofarwa, jama'a na kallo. Sautin da ya fito daga ƙarshe ba zan iya rubuta shi ba, amma lasifikar nan mai ƙarfi ce, mutanen Sintali B sun ce sun ji. Ya ja da baya don ya ɓuya, ya taka yauƙin da ya ɗiga, ƙafafunsa biyu suka tafi gaba suka bar shi. Ya kamo tebur. Teburin ya biyo shi, bokitin ya biyo tebur, ya juye mini daga kafaɗa har ƙasan hijabi. A daidai lokacin mai hoto ya danna.

Shi ne hoton saukata. Ni a tsaye rabi fari rabi kore, maigidana a zaune a ƙasa da ludayi.

Ban san yadda taron zai ƙare ba, sai na ga Keziah da matan cocin nan suna fitowa daga gidan Judith da manyan kuloli uku. Dafa-duka ce da kaji. Judith ta raɗa mini cewa tun ranar da piya ta faɗo mata a baho ta auno shinkafa, kuma don kada kowa ya yi shakkar yankan, Malam Suleiman ne ya yanka kajin da hannunsa. Ashe har shi ya san da shirin. Aka ci aka ƙoshi, aka watse ana ta dariya, kowa na cewa bai taɓa zuwa walima mai daɗin tawa ba.

Da mutane suka tafi na same shi a bayan ɗaki yana wanke bokiti. Bai ɗago ba. Ya kira ni da sunana, abin da ya fi shekara goma bai yi ba.

"Aishatu, so na yi kada a manta da ranarki."

Na ce ai kam ba za a manta ba. Da wasa na faɗa. Bai yi dariya ba. Tun daga nan ne ya yi shiru. Majalisa ma ya daina zama, don da ya doso sai wani ya tambayi ko akwai almakashi.

To, ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Yau da hantsi ina share ƙarƙashin gado tsintsiya ta taɓa buhu. Rabin nan na hanyar Abuja, wanda kowa ya manta da shi. Na jawo, na matsa ɗaya, yatsana ya ɗan shiga. Duka sun nuna, sun fi talatin, luɓus. Na kira Keziah a ɓoye. Ta yanka uku, ta cire ƙwallo, ta kwashe naman da cokali, ta murƙushe da cokali mai yatsu. Ta matsa lemun tsami, ta yanka albasa da tumatir da attaruhu ƙanana, ta barbaɗa gishiri. Ina jira ta ce a hura wuta, sai ta ce an gama. Ko ruwan shayi bai isa tafasa ba a wannan lokacin.

Na ɗanɗana a kan burodi. Jama'a, abin nan da daɗi. Mutumin nan bai yi ƙarya ba, cokalin da aka miƙo masa ta taga ya cancanci a tuna shi shekara goma sha ɗaya.

Yanzu kwanon yana nan a rufe a kicin. Keziah ta ce kafin magariba zai fara baƙi, sauran piyar kuma jibi sun lalace. Shi kuma ya tafi sallar la'asar, yanzu zai shigo.

In na ajiye masa na faɗi gaskiya, ya gane abin da ya hau rufi ya lalata injin Jonah a kansa aikin cokali mai yatsu ne, kuma hanyar yarinya ce ta ci, ina tsoron shirun nan ya zama na dindindin. In kuma na ce masa bayaninsa na bi, kanwar ce kawai ta yi yawa rannan, na san kafin isha ya kai kwanon majalisa, bakinsa ya dawo, gidana ya dawo yadda na saba. Sai dai bikin Mufida saura wata biyu, kuma tun kafin walima na ji shi yana tambayar Barnabas ko motarsa za ta ɗauki buhu biyar.

Ga shi can na ji ƙarar takalminsa a zaure. Don Allah ku gaya mini, in buɗe kwanon ne ko in zauna a kansa?